Libarbar da Ke Ƙasan Akwati da Tarihin Ƙofar Dukawuya

 'Yan'uwa, musamman waɗanda neman abinci ya kai su Kaduna, Abuja, Legas da sauran birane, muna son mu ja hankalinku kan wata amana da muka yi wa riƙon sakainar kashi, wato tsoffin makaman da ke jibge a gidajenmu na gado.

A duk lokacin da aka zo rabon gado ko aka rushe tsohon soro domin a yi ginin bulo, akan ci karo da irin waɗannan kaya: takobi a cikin ruɓaɓɓen kube, bindigar toka da gara ta cinye gindinta, wani lokaci ma har da ƙaramar bindigar nan da iyayenmu ke kira libarba, a naɗe cikin tsumma a ƙasan akwati. Galibi abu biyu ke biyo baya, ko dai a sayar wa 'yan gwangwan a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba, ko kuma a mayar da ita inda take, tsatsa ta ƙarasa aikinta. Ko wanne aka yi, tarihinmu ne ya salwanta.

Bindiga ba baƙuwa ba ce a Kano. Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Dauda (1421-1438) Dagaci ya zo daga Barno da bindigogi a cikin kayansa, kuma Sarki Babba Zaki (1768-1776) shi ne ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaron lafiyarsa. Daga baya fatake masu ƙetaro Sahara daga Tarabulus sun ci gaba da kawo bindigogi, har Turawa suka ƙulla yarjejeniyar Brussels ta 1890, wadda ta taƙaita sayar wa mutanen wannan yanki bindigogin zamani.

Illar wannan yarjejeniya a bakin ƙofarmu ta bayyana. Ranar Talata, 3 ga Fabrairu, 1903, rundunar Kanar Morland mai sojoji sama da 700, ɗauke da igwa 4 da bindigogin Maxim 4, ta iso ganuwa bayan ta ci Bebeji. Sarki Alu yana kan hanyarsa ta dawowa daga Sakkwato, Sarkin Shanu ke riƙe da gari. Ƙofar Dukawuya suka fara tunkara, suka yi ta luguden igwa, amma ƙofar ta gagara, sai suka zagaya Kabuga, ta nan suka shiga birni. Sarkin Shanu ya rasu yana kare Gidan Rumfa, Waziri Ahmadu kuwa ya kwanta dama a Kwatarkwashi kafin watan ya ƙare. Hafsoshin Ingila na wancan zamani libarba ƙirar Webley suke ratayawa a ƙugu. Saboda haka duk tsohon makamin da ya fito daga gidajen wannan unguwa ya cancanci a tsaya a tambayi asalinsa.

Ta yaya ake gane asalin? Masu nazarin tsoffin makamai daga mariƙi suke farawa, domin shi ne ya fi saurin tona asiri idan aka jera biyu ko uku aka gwada. Webley ta soja, samfurin 1899, babba ce mai cin harsashi 6, mariƙinta na baƙar roba ne mai tauri da zane mai kaushi, ƙarshensa ya lanƙwasa kamar kan tsuntsu, da zobe a ƙasa inda ake ɗaura igiya. A jikin ƙarfenta akan ga alamar kibiya, tambarin kayan gwamnatin Ingila. Ƙaramar libarbar aljihu kuwa, wadda kamfanin ya fitar a 1872 da sunan British Bull Dog, gajeren baki gare ta, harsashi 5 take ci, mariƙinta ƙarami ne, sau da yawa na katako. Maƙeran birnin Liyej na ƙasar Beljiyam sun kwaikwaye ta da yawan gaske, suka baza ta a kasuwannin duniya da araha, kuma ana gane tasu da haruffan E, L da G a cikin ɗan da'ira. Ta farko kayan hukuma ce, ta biyu kayan kasuwa, don haka labarin shigowarsu gida ba zai zama ɗaya ba.

Akwai kuma mariƙi na uku, wanda a wurinmu ya fi sauran daraja: wanda ya karye aka gyara a nan gida. Idan aka ga masassaƙi ya fafe itace ya maye gurbin roba, ko baduku ya naɗe shi da jar fata, ko maƙeri ya ɗaure shi da zoben tagulla, to an ga hannun mutanen Kano a jikin ƙarfen Turai. Wannan shaida ce da babu ita a rahoton Lugga. Shi ya sa muke gargaɗi kada a kankare tsatsa da yashi, kada a sauya mariƙi wai don a ƙawata, domin gyaran ganganci ya fi tsatsa ɓarna.

Sai dai wajibi ne mu faɗi gaskiya ko da ɗaci. Dokar Makamai ta 1959 ta sanya libarba cikin makaman da aka haramta mallaka sai da lasisin Shugaban Ƙasa, ita ma bindigar toka tana buƙatar lasisin 'yan sanda, kuma cewa ta kaka ce ba hujja ba ce a gaban alƙali. Bayan haka, tsohon harsashi yana iya tashi, ga yara a gida, ga fitinar 'yan daba da muke fama da ita. Abin da kaka ya ajiye don kare mutunci bai kamata ya zama sanadin zubar jinin jika ba.

Shawararmu ga ƙungiya ita ce a kafa ƙaramin kwamiti. Duk gidan da ya sami irin wannan kaya, kada a taɓa kunamar, a sanar da mai unguwa. Kwamiti ya ɗauki hoton mariƙi da tambari, ya rubuta sunan gidan da abin da dattawa suka ji daga iyayensu, sannan a sanar da 'yan sanda, a nemi a miƙa kayan ga gidan tarihi na Gidan Makama, inda ake adana tsoffin ƙyauren ƙofofin birni da kayan yaƙi. Ku da ke nesa, ku ne kuka fi yawan sa hannu a sayar da gidajen gado. Kafin ku turo izinin rushewa, ku turo umarnin a buɗe akwatuna a gaban dattawa, tun masu ba da labarin suna raye.

Allah Ya jiƙan magabatanmu da suka tsare wannan ƙofa, Ya ba mu ikon riƙe amanarsu, Ya zaunar da Kano lafiya. Amin.