Suna linzami: tarihin kalmar «Asperger» daga Biyana zuwa kundin likitoci

Hausawa kan ce suna linzami ne, shi ke jan mai shi inda ya ga dama. A fagen likitanci zancen ya fi nauyi, domin sunan da likita ya rubuta a takarda shi ne zai yanke ko za a karɓi yaro a makaranta, ko za a ce masa taɓaɓɓe. Kalmar «larurar Asperger» ta shiga kundin likitocin duniya a 1992, ta soma fita a 2013. A cikin wannan ɗan zamani ta zama sunan da mutane da yawa suka gane kansu da shi, daga bisani kuma ta zama abin jayayya.

Tushen labarin wata kalma ce da ta girme ta, wato otizim. Likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Suwis, Eugen Bleuler, shi ya yaɗa ta cikin littafinsa na 1911, ya ƙera ta daga kalmar Girkanci mai ma'anar «kai». Bleuler bai nufi yara ba. Yana bayanin manyan masu taɓin hankali ne, waɗanda suka juya wa duniya baya suka shige cikin tunaninsu. A 1925, wata likita a birnin Mosko, Grunya Sukhareva, ta bayyana halin yara maza shida masu basira, masu son kaɗaici, masu maƙalewa ga abu guda. An buga aikinta da Jamusanci a 1926, amma ya yi shekaru masu yawa ba a waiwaye shi ba.

Hans Asperger, wanda aka haifa a Biyana ta ƙasar Ostiriya a 1906, likitan yara ne a asibitin jami'ar birnin, a sashen da ke kula da yaran da suka gagari malamai da iyaye. A wata lacca ta 1938 ya ari kalmar Bleuler ya ɗora ta kan wasu daga cikin yaran, sannan a 1944 ya buga dogon nazari inda ya zayyana halin yara maza huɗu. Bakinsu ya buɗe, wasu ma suna zance irin na manya, amma zancen ba ya jiran amsa. Kallonsu ba ya zama kan fuskar mai magana da su, abota tana yi musu wuya, jikinsu ba shi da sakewa wajen wasa, kuma kowanne yana da abin da ya mallake hankalinsa. Asperger bai saka wa larurar sunansa ba. Ya kira ta «sikopati mai otizim», abin da a Jamusancin likitocin lokacin ke nufin wata karkata ta ɗabi'a da mutum ke rayuwa da ita.

Shekara guda kafin haka, a 1943, Leo Kanner na asibitin Johns Hopkins a Amurka ya buga bayanin yara goma sha ɗaya da ya ga otizim a tattare da su. An daɗe ana cewa haɗuwar tunanin mutanen biyu katari ce kawai, har aka lura cewa Georg Frankl, likita Bayahude da ya yi aiki a sashen Asperger, ya bar Biyana ya koma aiki tare da Kanner. Ko ma yaya ne, rabon rubuce-rubucen biyu ya bambanta. Na Kanner da Ingilishi yake, ya zagaya duniya. Na Asperger da Jamusanci yake, ya fito ana tsakiyar yaƙi, sai ya tsaya a hannun masu jin harshen. Shekara talatin da ɗoriya, in an ce otizim, abin da yawancin likitoci ke hangowa shi ne yaro marar magana ko mai ƙarancinta.

Wadda ta fito da sunan fili ita ce Lorna Wing, likitar ƙwaƙwalwa a Landan, kuma uwa ga ƴa mai otizim. A 1979 ita da Judith Gould sun bincika yaran unguwar Camberwell, suka tarar da yara da dama masu alamun larurar waɗanda ma'aunin Kanner bai kama su ba. A 1981 ta buga maƙala kan mutane 34, ta kira halinsu «larurar Asperger». Dalilinta biyu ne. Na farko, kalmar sikopati a kunnen Ingilishi tana nufin mugu marar tausayi, ba a iya liƙa ta ga yaro. Na biyu, iyaye da yawa ba za su yarda a ce ɗansu mai surutu da ƙoƙarin lissafi yana da otizim ba, amma za su saurari sabon suna marar tabo. Asperger ya rasu a 1980, bai ga wannan ba. Nazarinsa na 1944 ma sai a 1991 Uta Frith ta fassara shi zuwa Ingilishi.

Daga nan sunan ya yi kasuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta saka shi cikin kundinta na cututtuka, CIM-10, a 1992, ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta bi sahu cikin DSM-IV a 1994. Manya da suka girma ana ce musu miskilai ko marasa ladabi suka sami bayanin rayuwarsu, aka kafa ƙungiyoyi, har aka keɓe ranar 18 ga Fabrairu, ranar haihuwar likitan, don tunawa da masu larurar.

Amma tun farko iyakar ba ta da kauri. Babban abin da ya raba Asperger da sauran otizim a kundin shi ne rashin jinkirin buɗe baki da rashin tawayar basira. Wani bincike da Catherine Lord ta jagoranta, wanda aka buga a 2012, ya duba cibiyoyi goma sha biyu, ya nuna cewa sunan da yaro zai samu ya danganta sosai ga cibiyar da aka kai shi. A 2013 DSM-5 ya soke sunan, ya haɗe shi da sauran a ƙarƙashin suna guda mai kamanta otizim da bakan gizo, inda launi ke shiga launi ba tare da shinge ba. Kundin OMS na gaba, CIM-11, wanda ya soma aiki a Janairun 2022, shi ma haka ya yi. Da Faransanci ana taƙaita sabon sunan da haruffa uku, TSA. Ita kuwa Wing, wannan fahimta ta bakan gizo ita take karewa tun farko. Sunan Asperger tsani ne ta kafa don a hau zuwa gare ta.

Mutane da yawa suna zaton tarihin mutumin ne ya sa aka soke sunan. Jerin shekarun bai yarda da haka ba, domin sai a 2018 masanin tarihi Herwig Czech ya buga abin da ya tono daga taskokin Biyana, shekarar da littafin Edith Sheffer kan wannan batu ya fito. Takardun sun nuna cewa Asperger bai shiga jam'iyyar Nazi ba, amma ya shiga ƙungiyoyin da ke ƙarƙashinta. A Yunin 1941 ya sa hannu aka miƙa wata yarinya da ba ta cika shekara uku ba zuwa asibitin Spiegelgrund, inda yara kusan 800 suka mutu tsakanin 1940 da 1945, da yawansu kashe su aka yi saboda naƙasa. Yarinyar ta rasu a Satumba. Bayan yaƙi Asperger ya ce ƴan sandan ciki na Gestapo sun nemi kama shi, amma Czech bai sami shaidar haka a takardu ba. Masu kare shi suna cewa ba a tabbatar ya san abin da ake aikatawa a can ba. Tun daga nan wasu masu larurar suka yar da sunan, wasu kuma suka riƙe shi, suna cewa ya zama nasu.

A Nijar, inda takardun asibiti da Faransanci suke, malamin makaranta zai iya cin karo da tsohon sunan ko da haruffan TSA. Ya kamata ya san cewa magana guda ake yi, kuma sunan kaɗai ba ya faɗa masa abin da yaron ke iyawa. Sai ya zauna da shi da iyayensa. A Hausa kuwa, wasu kafofin labarai suna amfani da «galahanga», kalmar da ake kuma jingina wa wasu larurorin dabam. Ƙungiyoyin raya harshe da za su zauna zaɓen kalma suna da abin dubawa a wannan tarihi. Wing ta guje wa kalmar da ke jin kamar zagi, ta zaɓi sunan mutum, sai sunan ya zo da kayan mai shi. Kalmar da ta bayyana halin a sarari, wadda uwa za ta iya faɗa a gaban ɗanta ba tare da ta sunkuyar da kai ba, ita ce ta cancanci shiga ƙamus.