Jita-jitar Ɗauke Kano Pillars da Ainihin Abin da Ke Raba Ta da Gida

Duk lokacin da hukumar gasar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ta hukunta Kano Pillars, ko aka rufe filin wasa don gyara, magana ɗaya ce ke zagaya majalisun Fagge da gidajen kallon ƙwallo na Sabon Gari: za a ɗauke ƙungiyar daga Kano. Wani ya ce Abuja za a kai ta, wani ya ce ai wani attajiri ne ke neman saye. Kafin a tashi daga teburin mai shayi, abin da aka fara da "an ce" ya koma "wallahi an gama magana". Wannan jita-jita ta cancanci a yi nazarinta da gaske, domin ta cakuɗa abubuwa biyu da ba su da alaƙa. Na farko shi ne a sayar da ƙungiya a mayar da ita wani birni har abada. Na biyu shi ne a hana ta wasa a gidanta na wani lokaci. Na farkon da wuya ya sami Pillars. Na biyun kuwa ya same ta sau da dama, kuma ɓarnar da ya yi mata ta fi yadda masu jita-jitar ke zato.

Sayar da ƙungiya a ɗauke ta abu ne da ke faruwa a duniya. A Amurka ya zama ruwan dare, domin a can ƙungiya kadara ce ta mai ita, kuma babu faɗuwa zuwa ƙaramin rukuni. A watan Maris na 1984 aka loda kayan Baltimore Colts cikin manyan motoci da daddare aka nufi Indianapolis, mutanen gari suka wayi gari babu ƙungiya. A Ingila, inda ake ƙyamar irin wannan, an amince a 2002 a mayar da Wimbledon garin Milton Keynes, ta koma a 2003, aka sauya mata suna zuwa MK Dons a 2004.

Misalan Afirka sun fi kusa da mu. A Masar, a 2018, Turki Al-Sheikh na Saudiyya ya sayi ƙungiyar Al Assiouty Sport, ya raɗa mata suna Pyramids, aka mayar da ita Alƙahira aka zuba mata kuɗi, har ta ci Kofin Zakarun Afirka a 2025. A Afirka ta Kudu kuwa dokar gasar ta yarda a sayi gurbin ƙungiya kamar yadda ake sayen rumfa a kasuwa. Haka aka sayi Mpumalanga Black Aces a 2016 ta koma Cape Town City. Wanda ya fi ciwo shi ne na Bloemfontein Celtic, ƙungiyar da magoya bayanta suka yi suna a faɗin ƙasar wajen cika fili da rera waƙa daga farkon wasa har ƙarshe. Bashi ya yi wa mai ita katutu, ya sayar da gurbin a 2021 ga 'yar kasuwa Shauwn Mkhize, aka kai shi lardin KwaZulu-Natal da sunan Royal AM. Yawan magoya baya bai hana komai ba, saboda babu ko ɗaya daga cikinsu da ke da hannu a takardar mallaka. A 2025 aka kori Royal AM ɗin ma daga gasar, aka yi biyu babu.

In aka duba waɗannan misalai, za a ga sharuɗɗan da suke haɗuwa kafin a ɗauke ƙungiya: mai ita mutum ne ko kamfani da ke lissafin riba da asara, doka ta ba shi damar tafiya da gurbinsa, sannan akwai wani birni da ya fi nasa kasuwa. Pillars ba ta cika ko ɗaya yadda ya kamata ba. Tun da aka kafa ta a 1990, ta hanyar haɗe WRECA da Kano Golden Stars da Bank of the North, ƙungiyar gwamnatin jihar Kano ce. Daga baitulmalin jiha albashin 'yan wasa ke fitowa, gwamna ne ke naɗa shugabanninta. Babu gwamnan da zai so a rubuta a tarihi cewa a hannunsa Pillars ta bar Kano, ko da kuwa bai taɓa zama ya kalli wasa ba. Batun birni mafi girma kuma, in ka cire Legas, ina za a kai ta a Najeriya da za ta sami jama'ar da ta fi ta Kano? Abuja na da babban fili, amma shekaru da yawa ba ta iya riƙe ƙungiya a babban rukuni ba.

Akwai kuma wani dalili da ba a cika kula da shi ba. A gasar Najeriya, kuɗin ƙofa da na talabijin ba su ne ke ɗaukar nauyin ƙungiya ba, don haka girman birni ba ya jan mai ƙungiya kamar yadda yake yi a Amurka. Remo Stars ta nuna haka. A Legas Kunle Soname ya fara ta, daga baya ya mayar da ita yankinsu na Remo a jihar Ogun, ya gina mata fili a Ikenne, ƙaramin gari, kuma daga can ta lashe gasar a 2025. Ita daga babban birni ta tafi ƙarami. Abin da tarihi ya nuna a Kano shi ne ƙungiya ba ta ƙaura, sai dai ta mutu a inda take. Raccah Rovers ta Kano ta ci gasar ƙasa a 1978, yau kuwa sai dattawa ne ke tuna ta.

To in haka ne, me ya sa jita-jitar ba ta mutuwa? Saboda mutumin Fagge ya sha zuwa ranar Lahadi ya tarar babu wasa a garinsa, alhali jadawali ya ce Pillars ce mai masauki.

Filaye biyu aka san ƙungiyar da su. Akwai na Sabon Gari, wanda ake kira filin Kano Pillars, a cikin ƙaramar hukumar Fagge, mai ɗaukar kimanin mutum 10,000. Akwai kuma filin Sani Abacha na Ƙofar Mata, wanda ya karɓi wasannin gasar matasa ta duniya a 1999, da Kofin Afirka a 2000, da gasar 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009. A waɗannan filaye Pillars ta gina sunanta. Ta ci gasar ƙasa a 2008 a hannun Kadiri Ikhana, ta sake ci sau uku a jere a 2012 da 2013 da 2014. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga Kofin Zakarun Afirka, bayan 1-1 a Najeriya da 2-2 a Alƙahira, ta kai wasan kusa da na ƙarshe inda Heartland ta tsayar da ita. Daga 2003 zuwa Agustan 2015 ta buga wasa 202 a gida ba a doke ta ba, sai da Nasarawa United ta zo ta ci 2-1. Gaskiya ne cewa a gasarmu cin wasa a waje yana da wuya ga kowa, kuma tsoron da alƙalan wasa ke ji a filayen ƙasar nan yana da nasa kaso a irin waɗannan alƙaluma. Duk da haka, shekara goma sha biyu ba wasa ba ne, kuma suna nuna cewa ƙarfin Pillars a jikin garin Kano yake.

Daga 2020 wannan ginshiƙi ya fara girgiza. Lokacin annobar korona aka mayar da filin Sani Abacha cibiyar killace marasa lafiya, kuma da aka dawo da gasa filin bai cika sharuɗɗan hukuma ba, sai ƙungiyar ta koma filin Ahmadu Bello na Kaduna. Lokacin da Ahmed Musa, kyaftin ɗin Super Eagles a wancan lokaci, ya dawo Pillars a 2021, a Kaduna ya riƙa buga wasannin gida. Wannan yaro ne da ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009/2010 a rigar Pillars kafin ya tafi Turai, kuma dawowarsa ita ce talla mafi girma da gasar ta samu cikin shekaru, amma yaran Fagge da Brigade da Kurna ba su gan shi a garinsu ba a wancan lokacin. A watan Afrilun 2022 aka dawo Kano, aka karɓi Katsina United, rikici ya ɓarke, aka farfasa motar baƙi. Hukuma ta cire maki uku, ta tura ƙungiyar filin MKO Abiola na Abuja. A ƙarshen wannan kaka Pillars ta faɗa ƙaramin rukuni, abin da magoya bayanta suka ɗauka ba zai taɓa faruwa ba. Ta dawo a 2023. A watan Oktoban 2025 kuma, bayan Shooting Stars ta farke ƙwallo a ƙarshen wasa a Ƙofar Mata, 'yan kallo suka afka cikin fili, aka sake cire maki uku, aka tura ta Katsina.

Kano ta taɓa ganin ɗaya ɓangaren wannan hali. Lokacin da rikicin Boko Haram ya hana wasa a Maiduguri, El-Kanemi Warriors ta yi zaman aro a Kano, sannan a Katsina. Su yaƙi ne ya fitar da su. Mu kuwa, sau biyu cikin ukun nan, da hannunmu muka rufe wa kanmu ƙofa.

Wanda bai san ranar wasa a Kano ba ba zai gane nauyin wannan ba. Ana take wasa ne da ƙarfe huɗu, amma tun bayan azahar hanyar Ƙofar Mata take cika. Yaron shago a Kantin Kwari ya roƙi maigidansa ya sake shi da wuri, ya zura riga mai ruwan ɗorawa da kore a kan kayansa, su biyar su cusa kansu cikin Adaidaita Sahu guda. A bakin fili ga mai rake yana fere, ga mai ruwan leda da bokitin ƙanƙara, ga mai tsire ya hura wuta tun kafin jama'a su fito, ga masu ajiye babura suna yanka tikiti. Duk waɗannan cinikin mako suke yi cikin sa'o'i huɗu. In aka ce wasan yana Kaduna, tafiyar fiye da kilomita 200, ko Abuja mai ninkin haka, cinikin nan ya tafi, kuma yaron shagon ba shi da kuɗin mota balle izinin kwana a hanya. 'Yan wasan ma kowane mako matafiya ne, kuma sun san abin da hanya ta ƙunsa: a watan Maris na 2015 'yan fashi suka buɗe wa motarsu wuta a hanyar Abuja zuwa Lokoja suna tafiya Owerri, aka raunata biyar daga cikinsu.

Akwai asarar da ta fi ta ciniki. An kafa Sabon Gari ne tun wajen 1913 don zaman baƙi daga kudu, kuma tsarin mulkin mallaka ya so a raba shi da birni. Fagge na tsakiya, tsohon masaukin fatake a wajen ganuwa. Wurare kaɗan ne Bahaushen Fagge da Ibo mai sayar da kayan gyaran mota da Bayerabe mai ɗinki ke tsayawa kafaɗa da kafaɗa suna son abu ɗaya, kuma tsayuwar kallon Pillars na cikinsu. Ƙungiyar da kanta haka take: Rabiu Ali da Gambo Mohammed 'yan gida, Junior Lokosa da ya fi kowa cin ƙwallo a 2018 ɗan kudu, Okey Emordi da ya ci kofin 2014 shi ma haka. Duk kakar da aka yi a waje, yaran unguwannin nan suna ƙara komawa gidan kallo, inda Arsenal da Barcelona ba sa fasa zuwa ko da mako ɗaya. Ƙungiyar da ba a gani da ido ba za ta iya gogayya da waɗannan ba.

A ganina, jita-jitar ƙaura tana samun gindin zama ne saboda mai goyon baya ba shi da hanyar sanin gaskiya. Ba shi da katin zama ɗan ƙungiya da ke ba shi ƙuri'a, ba a karanta masa lissafin kuɗi a ƙarshen shekara, shugabanni kuma suna sauyawa da sauyin gwamnati. Labarin inda za a buga wasan gida na gaba yakan zo masa ne ta shirin wasanni na rediyo ko ta WhatsApp, wani lokaci kwana kaɗan kafin ranar. Wanda aka saba yanke hukunci a bayan idonsa, duk abin da aka ce masa an shirya zai yarda. Jita-jitar kuma tana da wani amfani mara kyau: tana ɗora laifi kan wasu can a Abuja ko wani attajiri marar suna, ta kawar da ido daga waɗanda suka tsallaka waya suka bi alƙalin wasa da gudu. Ba na shakkar cewa alƙalanci a gasarmu yana da matsala, kuma fushin 'yan kallo ba daga sama yake faɗowa ba. Amma maki shida da dutse ya jawo aka cire, babu alƙalin da ya taɓa ƙwace wa Pillars irinsu a wasa ɗaya.

Magoya bayan Wimbledon, da aka ɗauke musu ƙungiya, sun kafa tasu a 2002, AFC Wimbledon, mallakarsu, suka faro daga can ƙasa har suka shiga rukunin ƙwararru a 2011, suka koma unguwarsu, filin Plough Lane, a 2020. Kano ba ta buƙatar farawa daga tushe, domin ƙungiyarta na nan. Abin da za a ɗauka daga gare su shi ne rajistar magoya baya mai kuɗin shekara da kujera a hukumar gudanarwa, ta yadda wanda ya yi jifa za a san sunansa a hana shi shiga, maimakon a hukunta gari guda. Sai kuma filin Sabon Gari. Da an riƙe shi a matsayin da hukumar gasa za ta amince da shi, da ciyawa mai kyau da shinge da ɗakunan sauya kaya, da zaman Kaduna bai zama dole ba lokacin da aka rufe Ƙofar Mata. Gyaransa ba zai hana hukuncin kora ba, tunda hukuma daga garin take fitar da ƙungiya gaba ɗaya. Amma zai toshe ɗaya daga cikin ƙofofin biyu da Pillars ke fita ta cikinsu, kuma wannan aiki ne da ke hannun gwamnatin jiha kaɗai, ba ya jiran amincewar kowa a Abuja sai ranar duba fili.