Ragama ko Linzami: Tarihin Abin da Muke Sa wa Doki a Ka

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta bar su sun saurara ba.

Ƙanena ne ya jawo maganar yau. Bayan ƙaramar Sallah shi da abokansa suka haɗa kuɗi suka sayi duƙushi, wai su riƙa fita kilisa. Sai gardama ta tashi a kan abin da za a sa masa a ka. Wani ya ce ragamar igiya irin ta gargajiya. Wani ya ce a sayo irin ta 'yan wasan Polo, mai faɗin nan, mai maɓallin ƙarfe kamar na bel ɗin wando. Ƙanena kuwa, da yake akwai zafin kai, ya ce duk ɓata lokaci ne, a danna masa linzami kawai ya san da wa yake yi. Haka aka yi. Bayan kwana uku na tarar da dokin a turke, kumfar bakinsa ta yi ja, an zuba masa dusa ya kasa ci. Tsohon da ke kula da bargar maƙwabtanmu ya buɗa bakin ya duba, ya girgiza kai, ya ce, "Samari, kun kai shi Baƙara bai yi babbaƙu ba."

To, wannan magana ita ta sa na koma bin tarihi.

Mu fara da sunayen. Linzami, sirdi da likkafa duk kalmomin aro ne daga Larabci: lijam, sarj da rikab. Kalma kuwa ba ta zuwa ita kaɗai, tare da kayanta take zuwa. Masanin tarihi Robin Law, a littafinsa na 1980 kan doki a tarihin Afirka ta Yamma, ya nuna cewa akwai dawaki a wannan yanki tun kafin zuwan waɗannan kaya. Ƙananan dawaki ne, irin waɗanda muke kira ƙuru, kuma hawansu ake yi ba sirdi ba ƙarfe a baka. A tsaunukan Filato, Birom da maƙwabtansu sun ci gaba da irin wannan hawa har cikin ƙarni na 20, abin da ke zagaye da hancin dokin kawai suke juya shi da shi. Ke nan sarrafa doki ta hanci ya girmi sarrafa shi ta baki.

Sauyin ya zo ne wajen ƙarni na 13 zuwa na 14, lokacin da manyan dawaki da kayan hawa suka riƙa shigowa ta Sahara. Littafin Tarihin Kano ya nuna Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Ku ɗan auna abin a ranku. Doki cikin lifidi, mahayi cikin sulke, takobi ko mashi a hannun dama. Hannu ɗaya ya rage masa, da shi zai tsayar da ingarman da ke tsakiyar sukuwa, ya juya shi nan take, in ba haka ba ya rasa ransa. Don wannan aka ƙera linzaminmu yadda yake: ƙarfe mai harshe a cikin baki, da zobe da ya zagaye muƙamuƙin ƙasa. Da ka ja kamazuru, harshen ya tokari dasashin sama, zoben ya matse haɓa. Dole doki ya tsaya. Kayan yaƙi ne, jama'a, ba kayan koyarwa ba.

Akwai kuma ɓangaren da ba mu cika son faɗa ba. Wannan littafi dai ya nuna Kanajeji yana aika dawaki Kwararrafa, su kuma suna aiko masa da bayi. Matafiyin nan Leo Africanus, a farkon ƙarni na 16, ya ba da labarin Sarkin Borno yana biyan bayi 15 zuwa 20 a kan doki ɗaya. Da doki ake kamo mutane, da mutane ake sayen doki. Ina son hawan Sallah kamar kowa, amma ya kamata mu san kuɗin da aka biya.

To ina ragama ta shiga a duk wannan zamani? Ba inda ta je. Dokin yaƙi ma ba ya kwana da linzami. Ana sa masa in za a hau, ana cirewa in an sauka. Sauran rayuwarsa, wanka, shan ruwa, cin harawa, fita shan iska, duk da ragama ake yi. Fada ta ɗauki wannan aiki da muhimmanci har ta yi masa sarauta, Shamaki, mai kula da barga. Cikin abubuwan da ake jingina wa Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, akwai dawakin zage, waɗanda ba a hawa, zagage ke jan su da hannu a gaban Sarki. Dokin da zai bi mutum cikin natsuwa a tsakiyar tambura da algaita, ai ba ciwo ne ya koya masa ba. Horo ne na wata da watanni.

A 1903 zamanin dokin yaƙi ya ƙare. Kano ta faɗi a farkon Fabrairu, a Kwatarkwashi mahayan Kano suka afka wa bindigogin Turawa har Waziri Ahmadu ya rasu, Sakkwato ta biyo baya ran 15 ga Maris. Yaƙi ya tafi, linzami ya zauna, ya koma kayan jahi da zamiya a gaban Sarki. Sannan a shekarun 1920, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wasan Polo ya kafu a Arewa, kayan hawa irin na Ingila suka bazu, har da ragamar fata mai maɓallin ƙarfe. Kun ga ke nan gardamar su ƙanena ba ta wuce shekara ɗari ba.

Na koma wajen tsohon nan na ce, "Baba, to wacce ta fi?" Ya ce in daina tambayar wacce ta fi, in tambayi wane aiki za ta yi. Ragamar igiya siririya ce, kullinta na zama a kan hanci da bayan kunne. In ka ɗan ja, doki ya ji. Da ya biyo ka, ka saki. Wannan sakin shi ne karatun, da shi yake gane ya yi daidai. Shi ya sa ita ce ta horar da duƙushi, ya koyi bi da tsayawa da ja da baya. Amma a hannun mai fizga ita ma azaba ce, takan saɓule fatar hanci. Kuma igiyar leda ta yanzu ba irin ta rama ba ce, ba ta tsinkewa. In ka ɗaure doki da ita ya firgita, wuyansa zai ji a jika. Ba mamaki da kakanninmu suka fi ɗaure doki a turke ta ƙafa.

Mai maɓalli kuwa faɗi gare ta, ba ta cizo. Ta dace da wanka, da ɗora doki a mota, da barinsa hannun yaro in dokin ya riga ya horu. Ta fata in abu ya ɓaci takan tsinke, dokin ya tsira. Aibinta shi ne doki mai taurin kai yakan jingina da ita ya ja ka kamar buhu, ga maɓallin yana tsatsa da damina. Linzami kuma sai can ƙarshe, bayan doki ya san magana, kuma sai a hannun da ya iya sassautawa.

Wani abu da ya tsaya mini a rai shi ne yadda harshenmu ya raba su. In an naɗa shugaba cewa muke ya karɓi ragamar mulki. Linzami kuwa, da muka tashi raɗa wa makamin zamani suna, shi muka tuna, muka ce makami mai linzami. Mutanen da suka zauna da doki shekaru ɗaruruwa sun san wanne ake jan mai rai da shi ya biyo, wanne ake tanƙwara shi da shi. Masu riƙe da ragamarmu a yau, ko za su tuna?

A Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake adanawa. Abin alfahari ne. Amma in za mu gaji hawa, mu gaji ilimin barga tare da shi, don tsofaffin da suka san shi suna ƙarewa, mu kuma hoto ya fi damunmu.

Duƙushin su ƙanena ya yi mako biyu yana cin jiƙaƙƙiyar dusa kafin bakin ya warke. Yanzu kullum da yamma Baba na sa su zagaya fili da shi da ragamar igiya, ba wanda ya hau tukuna. Har yau in ya ji ƙarar ƙarfe sai ya ɗaga kai sama.

Mutanen Katsina, Zazzau, Damagaram da Maraɗi, ku aiko mana da yadda ake horar da doki a wajenku. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.