Nasara a Gidan Wani: Tarihin Wasan Waje daga Mahaɗar Kafanchan

A shekarar 1927 ne layin dogo ya mai da Kafanchan mahaɗa. Jirgin ƙasan da ya taso daga Fatakwal, ya bi ta Inugu da Makurɗi, a nan yake raba hanya: reshe ɗaya ya miƙe Kaduna, ɗaya ya hau tsaunukan Jos. Wanda ya hau jirgi daga Jos ya nufi Legas a wancan zamani kan ratsa Kafanchan. A daidai wannan lokaci ƙwallon ƙafa ke bazuwa a ƙasar nan, tana bin makarantu da barikoki da ma'aikatan reluwe. Daga farkonta, tamaula a Najeriya ba ta rabu da tafiya ba, kuma tambayar da ta fi damun kowace ƙungiya ita ce: in kin bar garinku, me za ki iya?

A 1945 aka fara gasar Kofin Gwamna, wadda daga baya ta zama Kofin Ƙalubale. A Legas ake buga wasan ƙarshe, kuma ƙungiyoyin Legas, musamman ta ma'aikatan reluwe, su ne suka yi kaka-gida a kan kofin a shekarun farko. Ƙungiyar da ta fito daga Arewa sai ta yi tafiyar da ta zarce kilomita 1,000, ta sauka cikin laima da zafin bakin teku, ta shiga fili ba ta da kowa sai ɗan tsirarun 'yan uwa mazauna can. Duk da haka, a 1953 'yan wasan Kano suka ci kofin, suka zama na farko daga Arewa. Mutanen Jos kuwa sun sha zuwa wasan ƙarshe suna komawa hannu rabbana. Mighty Jets ta lashe gasar lig ta ƙasa ta farko a 1972, amma a wannan shekarar ta sha kashi a hannun Bendel Insurance a wasan ƙarshe na kofin, bayan an yi canjaras an sake bugawa a Ibadan. Sai a 1999 Plateau United ta share wa Jos hawaye.

Da gasar lig ta kankama, kowace ƙungiya na karɓar baƙi kuma tana zuwa baƙunci, sai lissafin ya fito fili. A gasa mai ƙungiyoyi 20, kowa na buga wasa 38: 19 a gida, 19 a waje. Da a ce kowa zai cinye duk wasanninsa na gida, da kowa ya tashi da maki 57, babu na ɗaya babu na ƙarshe. Ke nan abin da ke raba zakara da mai faɗuwa daga gasa shi ne abin da aka tsinto a kan hanya. Maki uku na waje riba biyu ne: ka ƙara a taskarka, ka kuma zare daga inda abokin hamayya ya riga ya ƙirga a matsayin nasa. Shi ya sa masu horaswa a nan suka daɗe da tsarin da kowane ɗan kallo ya haddace: a ci a gida, a nemi kunnen doki a waje.

Wahalar kuwa ba a fili take farawa ba. Bayan da harkar jirgin ƙasa ta ja baya, bas ta zama gidan ɗan wasa na biyu. Ƙungiya za ta tashi da asuba, ta wuni tana faɗa wa ramuka, tana tsayawa a shingayen bincike. Ɗan wasa ya sauka da dare ƙafafu a kumbure, gwiwa ta ƙage, ya ci abincin da cikinsa bai saba da shi ba, ya kwana biyu-biyu a ɗakin masauki. Kashegari da la'asar ya shiga filin da bai san inda ƙwallo ke tsalle ba, ganguna na tashi a bayan ragarsa, alƙalin wasa kuma ya san ta ƙofar da zai fita bayan an tashi. Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne. Wani lokaci ma hanyar kanta ce abokiyar gaba: a watan Maris na 2015 'yan bindiga suka buɗe wa motar Kano Pillars wuta tana kan hanyar Owerri, suka raunata 'yan wasa biyar.

Duk da haka, manyan ranakun ƙwallon Arewa da ta Najeriya a wajen gida aka same su. Ranchers Bees ta Kaduna ta kai wasan ƙarshe na kofin Afirka na masu riƙe da kofunan ƙasashensu a 1988, ta rasa shi a hannun Bizerte ta Tunisiya. A 1989 ta ɗauki kofin Afirka ta Yamma bayan ta doke ASEC ta Abidjan, kuma daga cikinta Daniel Amokachi ya fito duniya ta san shi. A watan Oktoban 1993, canjaras ɗin 1-1 da Super Eagles ta yi a birnin Aljas ne ya kai Najeriya gasar cin kofin duniya karo na farko. A 2009 Kano Pillars ta yi 1-1 da Al Ahly a gida, ta je Alƙahira ta yi 2-2, ta fitar da mai riƙe da kofin zakarun Afirka saboda yawan ƙwallayen da ta ci a waje. A watan Nuwamban shekarar, Najeriya ta je Nairobi ta ci Kenya 3-2, ta sami gurbin zuwa Afirka ta Kudu. A 2010 kuma Kaduna United, ƙarƙashin koci Maurice Cooreman, ta haɗu da Enyimba a Kano, aka tashi 3-3, ta yi nasara a bugun fanareti, ta kawo wa jihar Kaduna kofin ƙasa.

A cikin gida, babu abin da ya nuna nauyin wasan waje kamar tarihin filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata a Kano. Daga 2003 zuwa 2015, shekara 12, wasa 202 na lig, ba a ci Kano Pillars a gidanta ba. A cikin wannan tsakani ta lashe gasar a 2008 da 2012 da 2013 da 2014. Magoya baya na kirarin "Sai Masu Gida," kuma da gaskiyarsu. Ƙungiyoyi da yawa kan shiga Kano da fatan kada cin ya yi yawa kawai. A watan Agustan 2015 Nasarawa United ta taso daga Lafiya, ta ci 2-1, ta kawo ƙarshen wannan dogon zango. Maki uku ne kamar na kowane wasa, amma ranar duk ƙasar ta tsaya ta saurara. Ga mai kallo a kudancin Kaduna, wanda Kaduna da Jos da Lafiya suka kewaye shi, labarin na maƙwabta ne: na kusa ya je ya yi abin da manya suka kasa. Shekara biyu bayan haka, a 2017, Plateau United ta ɗauki kambun lig karo na farko a tarihinta.

Masu tafiyar da gasar sun gane cewa ƙarancin nasarar baƙi ciwo ne. Kamfanin LMC, wanda ya karɓi ragamar gasar a kakar 2013, ya riƙa ba da ladan kuɗi ga ƙungiyar da ta ci a waje, aka kuma riƙa hukunta ƙungiyoyin da magoya bayansu suka taɓa alƙali ko baƙi: tara, kwashe maki, rufe ƙofa ga 'yan kallo, ko kora zuwa wani gari. Nuna wasa a talabijin shi ma ya taimaka, don abin da kyamara ta gani yana da wuyar musantawa. A nan ne nasarar waje ta sami ma'ana ta biyu. Ba ƙarfin wanda ya ci kaɗai take nunawa ba. Shaida ce cewa alƙali ya busa gaskiya, jami'an tsaro sun yi aikinsu, masu gida sun haɗiye takaici.

Ko a Amurka, inda ƙwallonsu ta ɗauka da hannu da ture-ture take da jiragen sama da manyan otal, zuwa gidan wani ba wasa ba ne. A can ihun 'yan kallo makami ne, don yana hana baƙi jin umarnin jagoransu kafin a fara kai hari. Shi ya sa har yau ake tuna New York Giants, wadda Osi Umenyiora ɗan asalin Najeriya yake cikinta a lokacin: a farkon 2008 ta ci wasa uku na sili-ɗaya-ƙwale a jere a gidajen wasu, sannan ta lashe Super Bowl. A kakar 2020 kuwa, da annobar korona ta kusan wofintar da filaye, masu gida sun ci wasa 127, baƙi suka ci 128. Da aka cire jama'a, fifikon gida ya ɓace. Wannan ya tabbatar da cewa mutane ne ke sa gida ya yi ƙarfi, kuma su ne ke iya sa shi ya zama abin tsoro.

Wannan darasi ya fi kusa da mu a ƙananan filaye. In hutun ƙarshen shekara ya zo, samarin Kagoro ko Zonkwa ko Kwoi ko Manchok kan yi karo-karo su ɗauki shatar bas, su cusa riguna da takalma a buhu, su nufi garin maƙwabta. Filin makarantar firamare ne, an ja layi da toka, 'yan kallo sun tsaya har kan layin, alƙali kuma wani malami ne da kowa ya san gidansu. Yankin da ya ga rikicin Kafanchan na 1987, da na Zangon Kataf na 1992, da na bayan zaɓen 2011, ya san cewa shiga garin wasu da fita lafiya ba ƙaramin abu ba ne. Idan baƙi suka ci a irin wannan fili, aka tashi, kyaftin ya miƙa wa kyaftin hannu, aka ba su ruwa, aka raka su bakin mota, to an ci riba wadda ta fi kofi.

Tarihin nan daga 1953 zuwa yau abu guda yake faɗa: nasarar waje aikin ɓangare biyu ce. Tana bukatar baƙon da ya jure hanya bai karaya ba, da mai masaukin da ya yarda a ci shi a gaban iyayensa bai ɗauki dutse ba. Na farko koci ne ke horar da shi. Na biyu kuwa aikin shugabannin ƙungiyoyi ne, da masu unguwanni, da limamai da fastoci, da kowane babba da ke tsaye a bakin fili yara na kallon abin da zai yi idan ƙwallo ta shiga ragar garinsu.