Origami: Daga Ƙunshin Kyauta zuwa Wasan Hannu na Duniya

Origami fasaha ce ta ninke takarda har ta ɗauki siffar wani abu, tsuntsu ko fure ko akwati ko ƙwaro, ba almakashi ba gam. Da ƙasar Japan aka san ta, amma a yau ana yin ta a ƙasashe da dama, wasu don nishaɗi, wasu don ƙawata kyautar da za su miƙa wa wani. Takardar da aka fi amfani da ita murabba'i ce, santimita 15 kowane gefe, fuska ɗaya mai launi, ɗayar fara. Akan ji ana cewa tsohuwar al'ada ce da ta shekara dubu ba ta sauya kama ba, to amma tarihi bai goyi bayan wannan magana ba. Abin da ake ninkewa a yau gamin gambiza ne: da ladubban fadar Japan a ciki, da darasin yara na wani malami Bajamushe, da aikin wani talaka da ya bar masana'anta ya rungumi takarda.

Ita kanta takardar daga ƙasar Sin ta fito. Littattafan tarihin Sin sun danganta ta da Cai Lun, wani jami'in fadar daular Han, wanda a shekarar 105 miladiyya ya gabatar wa sarki takardar da aka yi da ɓawon itace da tsummoki da tsofaffin ragar kamun kifi, ko da yake masu tonon kayan tarihi sun samo guntayen da suka girmi zamaninsa. Tsohon littafin tarihin Japan, Nihon Shoki, ya ce a shekarar 610 wani malamin addinin Buddha mai suna Doncho ya zo daga Koriya, kuma ya iya yin takarda da tawada. Daga nan mutanen Japan suka ƙirƙiro tasu, wadda suke kira washi. Ɓawon ciki na wasu itatuwa uku, kozo da mitsumata da gampi, ake dafawa a daka, a zuba a ruwan da aka gauraya da yauƙin saiwar wani tsiro ɗan'uwan kuɓewa. Yauƙin ne ke hana zaren ɓawon dunƙulewa, sai ya baje ya sarƙe da juna. Shi ya sa washi take da laushi da ƙwari lokaci guda, a ninke ta a warware sau da yawa ba ta yage ba. A 2014 hukumar UNESCO ta sa sana'ar yin washi cikin jerin al'adun da ɗan Adam ya gada.

A farkon zamani takarda tsada gare ta, ba abin wasan yara ba ce. Wuraren ibada ne suka fara cin moriyarta: a ɗakunan bautar addinin Shinto har gobe ana rataya farar takarda da aka yanka aka ninke ta yi zigizag, alamar cewa wurin mai tsarki ne. Bayan su sai gidajen manya.

A zamanin Muromachi, daga 1336 zuwa 1573, masu mulkin soja suka mai da ƙunshin kyauta wani fanni na ladabi mai dokoki, wanda ake kira origata. Wasu gidaje, musamman na Ise da na Ogasawara, su ne malaman wannan fanni, uba yana koya wa ɗa. Kowace kyauta da nata ninkin: na mafici daban, na alƙalami daban, na fure daban, ta yadda mai karɓa zai gane abin da ke ciki tun bai buɗe ba. Darajar takardar ma tana bin darajar wanda za a ba. A jikin kyautar alheri akan maƙala noshi, wato siririn busasshen naman wani dodon koɗi na teku da aka naɗe cikin takarda. A wurin ɗaurin aure kuma akan yi wa kwalaben giyar shinkafa ado da malam-buɗe-littafi biyu na takarda, mace da namiji. A 1764 Ise Sadatake ya rubuta littafi a kan ƙa'idojin ƙunshi da ƙulli, abin da ya taimaka ilimin ya fito daga cikin gida.

Wannan al'ada ba ta mutu ba. Ambulan ɗin da ake sa kuɗin gudummawar biki a Japan a yau yana ɗauke da ita kusan gaba ɗaya. A kusurwar dama ta sama akwai ɗan noshi, sai dai yanzu na takarda ne zalla, ko ma zanensa kawai aka buga. A tsakiya an ɗaura igiyar takarda murɗaɗɗiya mai suna mizuhiki, ja da fari ko ruwan zinariya da na azurfa in na murna ne, baƙi da fari in na ta'aziyya ne. Ƙullin ma da ma'anarsa. In haihuwa aka yi, sai a yi zarge mai warwaruwa, don abu ne da ake fatan ya sake faruwa. In aure ne, sai a yi ƙullin da ba ya kwancewa. Ko leɓen ambulan ɗin ta baya ba a ninke shi yadda aka ga dama: a na murna na ƙasa ne ke hawa kan na sama, a na makoki kuma na sama ne ke rufe na ƙasa. Wanda ya juya su ya yi abin kunya ko nawa ya sa a ciki.

Sai a zamanin Edo, daga 1603 zuwa 1868, da aka daɗe ba yaƙi kuma takarda ta yi araha, ninki ya sauko hannun talakawa ya zama wasa. Marubuci Ihara Saikaku ya ambaci ninkakken malam-buɗe-littafi a wata gajeruwar waƙa ta 1680. A 1797 aka buga Hiden Senbazuru Orikata a birnin Kyoto, wanda ake ɗauka shi ne littafi mafi tsufa da ya rage a kan ninkin nishaɗi. Yana nuna hanyoyi 49 na fitar da tsuntsayen tsuru, dangin gauraka, da yawa daga takarda ɗaya, suna haɗe ta baki ko fiffike ko wutsiya. Wani malamin addinin Buddha na garin Kuwana, Gido, shi ya ƙirƙiro su. Abin lura, sai an tsattsaga takardar kafin a ninke. Wato dokar nan ta hana yanka, wadda masu origami na yau suke riƙe da ita kam-kam, magabata ba su damu da ita ba.

Dokar daga Turai ta zo. Can ma suna da nasu ninkin tun da daɗewa: a ƙarni na 17 masu hidimar teburin sarakunan Italiya da Jamus suna ninke adikon cin abinci ya zama tsuntsu ko kifi, a Sifaniya kuma akwai ɗan tsuntsun takarda da suke kira pajarita, wanda masanin falsafa Miguel de Unamuno ya shahara da ninkewa. Friedrich Froebel, Bajamushen da ya ƙirƙiro makarantar rainon yara ya raɗa mata suna a 1840, ya sa ninke takarda cikin ayyukan da yara za su riƙa yi don su san layi da kusurwa da hannunsu. Da Japan ta buɗe ƙofa ga tsarin ilimin Turawa, aka kafa irin wannan makaranta a Tokyo a 1876, sai darasin Froebel ya shigo da murabba'ar takardarsa mai launi a fuska ɗaya da ƙa'idarsa ta ninki ba yanka. Ninkin gida da na baƙi suka cakuɗu a ajin yara, har ya zama da wuya a ce wannan na wane ne. Jirgin ruwa da hular takarda da 'yan firamare ke yi da fallen littafin rubutu, a Kano ko a Maraɗi, suna cikin tsofaffin ninkin Turai da suka bi makarantar boko suka zaga duniya.

Duk da haka, har farkon ƙarni na 20 origami abin yara ne, siffofi 'yan kaɗan da kowa ya haddace. Akira Yoshizawa ne ya fitar da ita daga wannan ƙangi. An haife shi a 1911 a lardin Tochigi, ɗan mai kiwon shanun madara, ya tafi Tokyo aikin masana'anta yana ɗan shekara 13. Da ya zama mai zanen injina, aka ba shi koyar da ƙananan ma'aikata lissafin siffofi, sai ya riƙa amfani da ninkin takarda yana nuna musu. A 1937 ya ajiye aikin ya koma ga takarda ɗungurungum. Shekaru masu yawa ya yi cikin talauci, yana bi gida-gida yana tallar wani abincin gargajiya da ake dafawa da ruwan waken soya, in ya dawo ya hau ninki. Ƙofa ta buɗe masa ne da mujallar Asahi Graph ta nemi ya ninke dabbobi goma sha biyu na kalandar gargajiya, ta buga hotunansu a fitowar Janairun 1952. A 1954 littafinsa na farko ya fito, a 1955 kuma aka baje kolin ayyukansa a gidan adana kayan fasaha na Stedelijk da ke Amsterdam, da taimakon wani Ba'amurke mai bincike, Gershon Legman.

Abu biyu Yoshizawa ya bari. Na farko ninkin danshi: a ɗauki takarda mai kauri, a shafe ta da ɗanyen tsumma har ta yi laushi ba tare da ta jiƙe ba, sannan a lanƙwasa ta da yatsa maimakon a danne ta da farce. Idan ta bushe, sai ta ƙame a yadda aka bar ta. Da wannan dabara gwaggon birinsa ya sami ƙirji da kafaɗa, karensa ya sami wuya mai lanƙwasa, suka daina kama da kwali mai kusurwoyi. Na biyu, wanda ya fi tasiri, shi ne alamomin zane. Layin gajerun sanduna yana nufin a ninko takardar gaba ta yi kwari. Layin sanda da ɗigo yana nufin a mai da ita baya ta yi tudu. Kibiyoyi kuma suna nuna inda za ta nufa. Samuel Randlett a Amurka da Robert Harbin a Birtaniya suka ƙara wa tsarin wasu alamomi, littafin Randlett na 1961 ya yaɗa shi. Daga nan wanda bai san harafin Japananci ko ɗaya ba yana iya buɗe littafin Tokyo ya bi zane ya fitar da kwaɗo. Gwamnatin Japan ta karrama Yoshizawa da lambar yabo a 1983, ya rasu ranar 14 ga Maris, 2005, ranar da ya cika shekara 94.

Ƙungiyoyin masu sha'awa suka biyo baya. Lillian Oppenheimer ta buɗe cibiyar origami a New York a 1958, ƙungiyar Birtaniya ta kafu a 1967, ta Japan a 1973. Harbin, wanda asalinsa mai wasan rufa-ido ne, ya riƙa koyar da ninki a talabijin.

Tsuntsun tsuru kuwa wani labari ne ya kai shi duniya. Akwai tsohon camfi a Japan cewa wanda ya ninke dubu, burinsa zai cika, don haka ake shirya su a zare a kai wa majinyaci. Wata yarinya, Sadako Sasaki, tana da shekara biyu aka jefa bam ɗin nukiliya a garinsu Hiroshima ranar 6 ga Agusta, 1945. A 1955 aka gano tana da sankarar jini. A gadon asibiti ta riƙa ninke tsuru da duk takardar da ta samu, har da ta ƙunshin magani, wasu ƙanana ƙwarai sai da allura take gyara su. Ta rasu ranar 25 ga Oktoba na shekarar, tana da shekara 12. Wani littafin yara da Eleanor Coerr ta wallafa a 1977 ya ce ta tsaya a 644, amma danginta sun ce ta haura dubu. 'Yan ajinsu suka yi gangamin tara kuɗi, aka buɗe mutum-mutumin tunawa da yara a dandalin zaman lafiya na Hiroshima ranar 5 ga Mayu, 1958, kuma hukumomin birnin sun ce kusan tsuru miliyan goma ake aikowa wurin duk shekara.

Masu yin origami don kyauta sukan karkata ga wani reshe nata da ake harhaɗawa. A nan ana ninke gutsattsari iri ɗaya masu aljihu da harshe, a zura harshen wannan a aljihun wancan, su riƙe juna ba gam. Wanda ya fi shahara shi ne mai ɗauke da sunan Mitsunobu Sonobe: guda shida suna ba da akwati mai fuska shida, talatin suna ba da ƙwallo mai tsini-tsini da ake ratayawa a ɗaki. Tomoko Fuse ta rubuta littattafai masu yawa a kan akwatunan kyauta masu murfi, masu kusurwa huɗu ko shida ko takwas, masanin lissafi Toshikazu Kawasaki kuma ya ƙirƙiro furen wardi mai murɗaɗɗiyar tsakiya, wanda ake jerawa a yi dami.

Ɗaya reshen ya bi hanyar lissafi. Tun daga shekarun 1980 Jun Maekawa da wasu suka nuna cewa ana iya tsara inda kowane layi zai bi kafin a taɓa takarda, sai aka shiga gasar ƙwari masu ƙafa shida da ƙaho da fiffike daga falle ɗaya. Robert Lang, masanin kimiyyar haske a Amurka, ya rubuta manhajar kwamfuta mai suna TreeMaker don wannan aiki, a 2001 kuma ya bar aikinsa ya koma origami kacokan. An yi amfani da dabarunsa wajen kwaikwayon naɗin jakar iska ta mota a kwamfuta. Injiniya Koryo Miura ya fito da wani ninki da ake buɗewa da ja ɗaya a rufe da turi ɗaya, aka gwada shi a kan farantin sola na wani tauraron ɗan Adam na Japan da aka harba a 1995, ana kuma buga taswirori da shi. Satoshi Kamiya, wanda aka haifa a 1981, ya ninke dodon tatsuniya mai suna Ryujin, da ƙaho da farata da ɓawon jiki ɗaya bayan ɗaya, daga murabba'ar takarda guda da ba a yanka ba, aikin da ke cin ƙwararren mai ninki makonni.