Sifinja: Tsohuwar Bedford da Makanikan Bahri Suka Hana Mutuwa

A shirinmu na tarihi na wannan mako mun leƙa Sudan ne, garin Bahri, kuma ga taƙaitaccen abin da muka tattauna domin waɗanda ke daji da dabbobi ko suna kan hanya lokacin da aka watsa shi. Zancen na mota ne, amma ya shafi duk wanda ya taɓa loda shanu ko buhunan hatsi a babbar mota ya zauna yana addu'ar Allah Ya sa kar inji ya buga a tsakiyar daji.

Babban birnin Sudan gari uku ne a mahaɗar kogin Nilu: Khartum, Umdurman da Bahri, wadda ake kuma kira Khartum ta Arewa. Bahri ita ce garin ƙarfe. A nan layin dogo daga Wadi Halfa ya tsaya a ƙarshen 1899, kafin a gina gadar da ta tsallaka da shi Khartum. A nan kuma Turawan Ingila suka kafa wurin gyaran jiragen ruwa na kogi. Yaran da suka koyi walda, ƙira da yankan ƙarfe a waɗannan wurare su ne suka zama iyayen gidan masu gireji, har unguwar masana'antu ta Bahri ta zama mafi girma a ƙasar.

Mu Hausawa ba baƙi ba ne a wannan hanya. Bayan yaƙin Burmi na 1903, Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya ja jama'a zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Alhazai kuwa sun daɗe suna bi ta Maiduguri, Abashe, Adire, Jinaina, Al-Fashir zuwa Al-Ubayyid, inda jirgin ƙasa ya isa tun 1912. Da ƙafa da jaki aka fara. Da manyan motoci suka shigo, tafiyar da ke cin shekaru ta koma ta makonni.

To, motar da ta fi kowace suna a wannan hanya ita ce Bedford ƙirar TJ. Kamfanin Vauxhall na Ingila ya fara ƙera ta a 1958 a garin Dunstable. Tsofaffin direbobinmu sun san ta, domin an riƙa harhaɗa Bedford a Apapa ta Legas, ita ce mai bodin katakon da ta yi shekaru tana jigilar gyaɗa da auduga. Injinta na gas mai silinda shida ne, lita 5.4, ƙarfinsa bai wuce doki ɗari da 'yan kai ba. Mutanen Sudan suka raɗa mata suna Sifinja, wato silifas ɗin roba, saboda laushinta a hanya.

A 1986 aka daina ƙera manyan motocin Bedford. Wani kamfani mai suna AWD ya karɓi masana'antar a 1987 ya ci gaba da fitar da TJ zuwa ƙasashen waje, shi ma ya durƙushe a 1992. Sai kuma ga takunkumin cinikin da Amurka ta ƙaƙaba wa Sudan daga 1997 har 2017. Ka ga ke nan uwar ta mutu, hanyar samun kayan gyara ta ƙuntata, ga kuma dubban motoci da garuruwan yamma suka dogara da su wajen samun sukari, gari da magani.

Abin da masu gireji na Bahri, Umdurman, Shandi, Wad Madani da Al-Ubayyid suka yi shi ne su tuɓe motar tsaf har sai shasi kaɗai ya rage, su sake gina ta. Suna liƙa wa shasin ƙarin ƙarfe, su ƙara ganyen sifirin, su ƙera bodin ƙarfe, su sa ƙarin tankin mai domin tafiyar da babu gidan mai. Motar da ta fito daga hannunsu tana ɗaukar kaya fiye da abin da Turawan da suka zana ta suka rubuta. Wani Bajamushe masanin al'adu, Kurt Beck, ya yi shekaru yana nazarin wannan sana'a, kuma a 2009 Valerie Hänsch ta fitar da fim a kanta, wanda ma'anar sunansa ita ce Sifinja, Amaryar Ƙarfe.

Yanzu ga inda zancen ya iso gare mu. In aka zo kan inji, mai mota yana da zaɓi biyu: ya farfaɗo da tsohon, ko ya ɗora wani daban.

In farfaɗowa za a yi, awo ake fara yi kafin a je kasuwa. Ramin silinda da ya yi shekaru yana aiki ya buɗe, don haka sai an kai wurin masu injin gyaran rami sun daidaita shi, sannan a sayi fistin da ringi masu girman da ya dace da sabon ramin. Haka karanshaf: in an goge shi ya rage kauri, dole a nemo metal mai kaurin da zai cike gurbin. Wanda ya sayo kaya tukuna sannan ya je awo, ya sayi asara. Injin zai tashi lafiya lau a gireji, bayan 'yan makonni ya fara shan baƙin mai yana hayaƙi.

In kuma sabon inji za a ɗora, a nan mutane da yawa ke faɗawa rami. Kowa na son mai ƙarfi. Amma inji mai ƙarfi zafinsa ya fi, sai da lagireto babba. Jansa ya fi, don haka kuloci, giya da aksul na baya sai sun iya ɗauka, in ba haka ba wanda ya fi rauni a cikinsu shi zai karye, kuma a cikin yashi zai karye, lokacin da aka fi takura masa. Ga birki, wanda aka yi shi don wani nauyi da wani gudu. Ƙara gudu a bar birki yadda yake, wannan ganganci ne da rayukan mutane.

Abin da hanyar Kurdufan da Darfur ke buƙata shi ne ja a ƙaramar giya. Mota mai gudu a kwalta ba lallai ta fita daga rairayi ba. Sai matatar iska, domin ƙura ce ke cinye ringi da silinda. Shi ya sa tsohuwar matata mai kaskon mai a ƙasa ta daɗe ana son ta: a wanke, a zuba sabon mai, a ci gaba da tafiya. Haka famfon gas na da, wanda babu kwamfuta a jikinsa, makaniken ƙauye zai iya kwance shi ya gyara. Tambayar da ta fi kowace nauyi wajen zaɓen inji ita ce, in ya lalace a nesa da gari, wa zai gyara, kuma a wace kasuwa za a samu kayansa?

Daga baya motocin Japan irin su Hino da Nissan sun karɓe manyan hanyoyi, amma Sifinja ta ci gaba da shiga inda kwalta ba ta kai ba. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023 ne ya yi wa sana'ar mummunan lahani. An wawashe masana'antun Bahri, an ƙona wasu, gadar Shambat da ta haɗa Bahri da Umdurman ta karye a Nuwamban wannan shekara, masu sana'a suka watse. Sojojin gwamnati sun sake karɓe garin a farkon 2025. Sai dai ilimin wannan aiki ba a littafi yake ba, yana hannun oga ne da yaran da ke koyo a gabansa, kuma ba a tara su a rana ɗaya. Allah Ya kawo wa Sudan zaman lafiya.

Don haka, Alhaji mai mota, in za ka shiga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna neman inji, tafi da makanikenka da awon a rubuce, ka kuma ware kuɗin lagireto da birki tun kafin ka taya injin. Kai kuma Arɗo, in za ka yi shatar mota zuwa kasuwa mai nisa, tambayi direba yaushe aka yi wa injin aiki, ka duba ko akwai jarkar ruwa da safayar bel. Shanu a cunkushe cikin mota ba sa jure yini guda a rana tsaka ana jiran makanike daga gari.

Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. A huta lafiya.