Larabawan Nijar da tallafin fasahar zamani: matsalar tun daga lakwal take

Mu mutanen Kurfai mun daɗe da sanin Larabawan Azawak. Muna haɗuwa da su a kasuwannin Abala da Filinge, wajen cinikin raƙuma da shanu da kayan arewa. Sai dai da yawanmu hoton attajiri mai manyan motoci muke gani in an ce Balarabe, shi ya sa zancen tallafa wa ƴaƴansu su shiga sana'ar kwamfuta kan ba mutane dariya. Wanda ya bi tarihinsu da tarihin makarantar boko a ƙasar makiyaya zai ga abin ba haka yake ba.

Larabawan Nijar ba su kai kashi 1 cikin 100 na al'umma ba, kuma ba hanya ɗaya ta kawo su ba. Na Azawak suna zaune wajejen Tasara da Cintabaradan a jahar Tawa. Awlad Sulaiman sun baro Fezzan ta Libiya bayan Turkawa sun ci su da yaƙi a 1842, suka gangaro Kanem, daga baya wasunsu suka zauna arewacin Damagaram da Difa. Daga cikinsu Mohamed Bazoum ya fito. Mahamid kuwa daga Cadi suka shigo Difa, sanadin farin shekarun 1970 da yaƙe-yaƙen da suka biyo baya. A watan Oktoban 2006 gwamnati ta sanar da cewa za ta mayar da su Cadi, sannan ta janye maganar cikin ƴan kwanaki. Mutanen da aka taɓa yi wa shakkar zama ƴan ƙasa ba su saurin kai kansu ofishin gwamnati neman jari.

Faransawa sun kafa makarantunsu ne inda ke da gari da barikin kwamanda. Makarantun makiyaya sai a shekarun 1940 aka fara buɗe su, kuma iyaye da yawa sun ƙi ba da ƴaƴansu, don suna ganin lakwal hanyar raba yaro da addininsa da garkensa ce. Madarasar Sayi, wadda ta fara haɗa Faransanci da Larabci, an buɗe ta a 1957, Jami'ar Musulunci kuma a 1986. Waɗannan sun ba da malamai da masana shari'a. Amma ƙofar aikin injiniya ta ci gaba da zama a hannun wanda ya yi lissafi da kimiyya da Faransanci tun daga firamare har lise.

A kan wannan gado aka ɗora sabbin shirye-shirye. A 2014 aka buɗe CIPMEN a Yamai don renon ƙananan kamfanoni. A 2017 aka kafa hukumar ANSI, mai kula da tsarin Niger 2.0, a 2020 kuma Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 100 don kai intanet da hidimar kuɗi ta salula ƙauyuka. Kuma an ga abin da ɗan Nijar ke iya yi in ya samu hanya: Abdou Maman Kané ya ƙirƙiro dabarar da manomi ke ba garkarsa ruwa ta wayar hannu daga nesa.

Waɗannan shirye-shirye na kowa ne, ba a rubuta sunan wata ƙabila a kansu ba. To amma wa ke isa wurin? Sai mai takardar haihuwa, mai shaidar karatu, wanda ya iya tsara takardar neman jari da Faransanci, kuma yake da masauki a Yamai. Ɗan Balaraben da ya tashi bakin rijiya a Tasara ba ya da ko ɗaya. Haka ma ɗan Bafillace, da ɗan Buzu, da ɗan manomin Tondikandiya da aka rufe makarantarsu, ganin ɗaruruwan makarantu ne rashin tsaro ya rufe a jahar Tilaberi.

Akwai ƙasar da ta gwada ware tallafi na musamman. A Isra'ila, inda Larabawa suke kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƴan ƙasa amma ba a cika ganinsu a kamfanonin fasaha ba, ƙungiyar Tsofen ta fara horar da injiniyoyi Larabawa a Nazarat a 2008, gwamnati kuma ta fito da tsarin shekara biyar na raya garuruwansu a Disamban 2015. Siyasar can daban take da tamu, kuma asusun ƙabila ɗaya a nan fitina zai jawo. Abin ɗauka kawai shi ne a ƙirga waɗanda ba su cikin ɗakin, a tambayi abin da ya hana su zuwa.

Misali mafi kusa da mu yana Tukunus, arewa da Filinge, inda tun zamanin Turawa aka kai tashar inganta shanun Azawak cikin ƙasar kiwo. Haka ya kamata a yi da kwamfuta: a kai ta makarantun Faransanci da Larabci da na makiyaya, da hasken rana da malamin lissafi mai zama, da wurin kwana ga yaran da iyayensu ke tafiya da dabbobi. Dokar ƙasa ta 2025 ta sanya Larabci cikin harsunan Nijar, ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, don haka babu hujjar a ce neman tallafi sai da Faransanci.

Malamai, mu fara da duba rajista mu ga ƴaƴan wa ke bacewa kafin aji shida. Iyaye kuma a yi wa kowane yaro takardar haihuwa, mace da namiji, don ba a karɓar kowa a waɗancan shirye-shirye ba tare da ita ba.